Waƙar da Ban Taɓa Bari Ta Ƙare Ba

Talata, 11 ga wata, ƙarfe goma na safe

Sista ce ta ba ni wannan littafin. Ta ce, "Mama, ki rubuta duk abin da yarinyar nan take so, waƙa ce, fim ne, ko mene ne, ki riƙa karanta mata a kunne. Suna ji, ko da ba su motsa ba." Na ce mata rubutuna ba kyau, a aji shida na tsaya. Ta ce ai ba jarrabawa ba ce.

Yau kwana tara 'yata tana kwance a gado na uku, ba ta buɗe ido ba. Shekararta goma sha tara. Babanta ne ya laƙa mata Kwandasta tun tana 'yar shekara huɗu, saboda duk inda za mu a mota sai ta zauna a gaba, ita ke zaɓen waƙa, ita ke cewa a tsaya. Sunan ya bi ta har makaranta. Ni kuma Manaja yake ce mini, wai sai ba da umarni, ban taɓa ɗaga kaya ba.

Tun ɗazu nake riƙe da biro. Na san lambar takalminta. Na san ba ta shan shayi da madara. Amma waƙar da take so, sai na tarar ban sani ba. Wannan tsakaninta da babanta ne.

Shi kuma ba hanyar da zan tambaye shi.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in fara da nawa, ko hannuna zai saki.

Ina son waƙar matar nan mai sanyin murya, wadda take lissafa kayan da ta shanya a igiya, rigar wane, wandon wane, har ta zo kan rigar da mai ita bai dawo ba. A shagon wanki da guga inda nake aiki, in rediyo ya sako ta sai in ajiye ayan guga in tsaya. Shekara goma sha shida ina guga a shagon nan, ban taɓa jin wanda ya yi wa masu shanya waƙa ba sai ita.

Fim kuwa guda ɗaya ne. Shi ne na farko da babanta ya kai ni silima, muna sabon aure. Wani tsoho ne mai raba wasiƙu, ranar da zai bar aiki sai ya ga wasiƙa ɗaya ta maƙale a gindin jakarsa tun shekara talatin. Ya tashi neman mai ita. Yana isa ƙofar gidan, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, aka ɗauke wuta. Muka jira, muka gaji, muka fito. A hanya babanta ya ƙarasa mini labarin daga kansa. Bayan nan duk lokacin da na tambaye shi sai ya canja ƙarshen. Wata rana matar ta buɗe, wata rana ta tashi daga gidan, wata rana akuya ta cinye wasiƙar. Kwandasta ta sha cewa za ta nemo mini fim ɗin a waya in ga gaskiya. Ni ce nake ƙi.

Na karanta mata wannan duka. Na'urar da ke gefenta ta ci gaba da ƙararta.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ɗan sanda ya same ni a baranda. Mutum mai ladabi, ya cire hula kafin ya yi magana. Ya miƙo mini leda: agogo, makullin gida, da memorin da ke cikin rediyon motar. Gilashin agogon ya tsage amma yana tafiya.

Ya tambaye ni ko na san wanda ke tuƙi ranar. Na ce ba na wurin. Ya ce ya sani, aiki ne kawai, sai an cika takarda. Sannan ya ce sun tarar an matso da kujerar direba gaba sosai, irin zaman gajeren mutum.

Babanta dogo ne. Kansa yana taɓa saman ƙofar ɗakinmu.

Na ce masa ina jin sanyi, zan koma ciki.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na zo da 'yar rediyon kicin mai cin memori. Na sa, na ajiye kusa da filonta, na rage murya. Na manta abin da ke farko. Sai ga shi:

"Jama'a barkanku da war haka, nan gidan rediyon mota ɗaya ne, direbanku ke magana. Za mu buɗe da waƙar Manaja, don a zauna lafiya."



Haka ya tsara abinsa, kowace waƙa da gabatarwarta. Ta farko tawa. Ta biyu tasa, wadda muke ce wa Doguwar Baba. Wani tsoho ne da jitarsa, yana jan murya kamar mai tura mota a yashi, minti goma sha uku cur. Shekara ashirin da biyu muna tare, tun tana kaset har ta koma memori, ban taɓa bari waƙar nan ta ƙare ba. Minti uku nake ba shi. Da ya cika sai in miƙa hannu in danna, in ce, "Mu wuce." Shi kuma ya ce, "Manaja ta yi magana." Kwandasta ta ƙyalƙyale, don ta san tata ce ke biye.

Ashe ga amsar abin da nake nema. Ta uku ita ce tata. Wasu samari ne ke ihu kan ganguna kamar ana rushe shago. Na rubuta: waƙar masu ihu.

Yau ma na danna a minti uku. Ba wanda ya ce komai.

Tsohuwar da ke jinyar jikarta a gado na huɗu ta leƙo ta labule. Ta ce, "'Yar nan, wannan mijin naki ɗan ba'a ne. Yana ina ya bar ki da jinya ke kaɗai?"

Na ce ya yi tafiya.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Takalmansa suna bakin ƙofa. Yaya, wato yayar babanta, ta ce a ɗauke. Na ce a bari.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Yaya ce ke zaune a gidanmu tana karɓar masu zuwa gaisuwa. Sun fara raguwa. Ta ce in zauna mutane su gan ni ko na wuni ɗaya ne. Na ce wadda ke kwance ta fi su buƙatar ganina.

Na biya ta shago da safe. Na ce bari in goge ko riga biyar ne, hannuna ya gaji da zama. Ta farko farar riga ce ta namiji, mai dogon hannu. Na shimfiɗa ta, na gyara kwala, na tsaya ina kallonta har mai shagon ya zo ya zare wayar ayan. Ya ce, "Je ki, teburinki ba inda za shi."

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ina goge mata fuska, ina shafa mata mai a ƙafa, ina gyara mata gashi. Hannuwanta ne ban taɓa ba. Sista ke yanke mata farce.

Sau nawa na ce kada a koya mata mota. Sau nawa.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Masu ihu suna tsakiyar ihunsu babban yatsan ƙafarta ya motsa. Na mayar da waƙar baya. Ya sake motsawa. Tsohuwar gado na huɗu ta ce, "In wannan hayaniyar ce za ta tashe ta, ƙaro murya, mu ma za mu daure."

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ta buɗe ido.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Ta gane ni. Ta ce "Mama" da wata 'yar murya kamar ta mai mura. Na kama hannunta ban ma san na kama ba.

Likita ya kira ni ofishinsa. Ya zana mini kai a bayan takarda, ya nuna inda jini ya taru. Ya ce saura aiki ɗaya, ranar Laraba ta sama, 26 ga wata, in kumburin ya sauka. In an yi shi lafiya, za ta koma makarantarta. In ba a yi ba, bai ƙarasa ba, ya rufe biro kawai. Ya ce daga nan zuwa ranar kada abin da zai tayar mata da hankali, jininta na hawa da sauri. Ya ce ba ta tuna komai na ranar Lahadin da suka yi hatsarin ba, watakila ya dawo, watakila ba zai dawo ba.

Na ce, "Likita, in ta tambayi babanta fa?"

Ya ce, "Kwana tara ne, Mama. Ki san yadda za ki yi."

Ina komawa ta tambaya. Na ce yana wani asibitin, ƙafa ce ta karye, an rataye ta. Ta ce a kira shi. Na ce wayarsa ta fashe. Ta lumshe ido ta ce, "Baba da zaman wuri ɗaya. Na tausaya wa nas ɗinsu."

Na yi dariya. Ban san daga ina ta fito ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na ɗauko atamfata mai ruwan lemo, na sa 'yan kunne. Yaya ta gan ni a tsakar gida ta ajiye kofin hannunta.

"Haka za ki fita? Kwana goma sha shida?"

"Yaya, in ta gan ni a yamutse za ta gane."

"Ƙanena ne fa. Mutane suna da ido."

"Na sani. Ita ma tana da ido, shi ne abin da nake tsoro."

Yaya ta ce ita ba za ta iya zuwa asibitin ba, fuskarta ba ta iya ƙarya. Sannan ta taso ta gyara mini ɗaurin ɗankwali, ta ce ya karkace.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau bakinta ya buɗe sosai. Ta sa na karanta mata abin da na rubuta a kan waƙoƙi, na tsallake sauran shafukan. Ta ce, "Waƙar masu ihu? Mama, kin ci mutuncina." Ta ce ba ihu suke ba, labarin yaron da ya bar gida suke bayarwa. Na ce in ni ce uwarsa, da wannan muryar, ni zan haɗa masa kaya.

Ta ce in rubuta nata daidai. To ga shi, da bakinta:

Tana son fim ɗin ban tsoron nan na gidan da agogonsa ke tafiya da baya. Sau shida ta kalla. Ta ce abin da take so shi ne uwar gidan ba ta taɓa gudu, kowa ya tsere ita tana tsaye da tsintsiya. Ta ce ni take tunawa. Ban san ko yabo ba ne.

Tana son na wanzamin da aka ɗauka likita ne a wani ƙauye, ya yi ta warkar da mutane da aski. Wannan da babanta suke kallo, ta ce yana dariya har sai ya zame daga kujera.

Tana son wata waƙa da ba magana a cikinta, sarewa kawai, in tana karatu.

Na sa memorin. Da Doguwar Baba ta fara sai na ga ta zuba wa hannuna ido. Minti uku na cika na danna. Na ce, "Mu wuce."

Ta yi murmushi ta ce, "Manaja ta yi magana." Ta saki ajiyar zuciya, barci ya ɗauke ta.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ta ba ni saƙo jiya in kai masa: wai ya daina damun nas, kuma ya ajiye mata labarin yadda aka yi, don ita ba ta tuna komai. Yau ina shiga ta ce me ya ce.

Na ce, "Ya ce ki kwantar da hankalinki, ki ci abinci, yana yi miki addu'a."

Ta dube ni. "Baba ne ya ce haka?"

"Shi mana."

"Bai ce Kwandasta ta gudu da kuɗin mota ba? Bai ce komai na tsiya ba?"

Na ce allurar da suke masa tana sa shi barci, ba ya cikin wasa. Ta ce to. Sista ta zo ta auna jininta, ta dube ni ta saman tabarau.

Shekara ashirin da biyu ina jin tsiyar mutumin nan, yau an ce in yi guda ɗaya na kasa.

Saura kwana shida.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Ta ce in ɗauko mata hotonsa da ƙafar a rataye. Na ce an hana ɗaukar hoto a ɗakinsu. Ƙarya tana haihuwa, na fara manta wadda na yi jiya.

Saura biyar.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe uku na rana

Sista ta kore ni. Ta ce in je in yi wanka in kwanta, ina tafiya ina tangaɗi. Yaya ta tafi kasuwa. Gidan shiru, har ina jin agogonsa a cikin leda.

Na zauna a kicin na kunna rediyon, don in ji gabatarwar kawai. Tawa ta wuce. Tasa ta fara. Minti uku ya cika, na miƙa hannu, sai na ga ba wanda zan yi wa. Na mayar da hannuna cinya.

Ashe tsohon nan labari yake bayarwa. Wani mutum ne yake komawa gida a ƙafa, yana gaishe da duk bishiyar da ya wuce. Daga minti na takwas jitar tana sauri. Ban taɓa sani ba.

Ta ƙare. Aka yi shiru kaɗan. Sai na ji gyaran murya.

"To. Nan ne wurin da Manaja ba za ta taɓa zuwa ba, don haka nan ne ma'ajiyar gaskiya. Kwandasta, riƙe wayar da kyau."

Sai dariyarta, tana cewa, "Baba za ka jawo mana."

"Na ɗaya. Shuɗin mayafin nan da ya ƙone shekara bakwai da suka wuce, ni ne. Na ce bari in burge ta in goge mata. Da na ga rami sai na ninke na mayar ƙarƙashin ayan. Ta yi sati tana cewa tsufa ya kama ta, ita mai guga guda ta ƙona kayanta. Na yi shiru, don ina son raina.

"Na biyu. Na fara koya wa Kwandasta mota. Ita ba ta so, tsoron uwarta take ji, ni na matsa mata. 'Yar direba ba za ta tsaya a titi tana ɗaga wa mutane hannu ba. Kuma hannunta ya fi nawa, kada a gaya mata.

"Na uku. Fim ɗin mai wasiƙa, ni ma ban san ƙarshensa ba.

"Manaja, in har kin ji wannan, to lallai ba na kusa, don da ina nan da kin danna tuni. A yi haƙuri. Ga masu ihu nan."

Na saurara sau huɗu. Yaya ta dawo ta same ni a ƙasan kicin.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na tono mayafin daga ƙasan akwati. Ramin yana nan, siffar ayan guga sak. Ban san ina zaginsa ba sai da na ji muryata.

Saura uku.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na ɓata komai.

Muna hira ne lafiya lau. Tsohuwar gado na huɗu tana ba mu labarin mijinta da ya taɓa dafa shayi da gishiri. Ana ta dariya, jinin Kwandasta ya sauka, Sista ta ce in aka ci gaba haka Laraba ba matsala. Ni ma na ji jikina ya saki, karo na farko. Sai bakina ya riga ni.

Na ce, "Ai maza duk ɗaya ne. Nawa ya ƙona mini mayafi, ya bar ni shekara bakwai ina zargin kaina."

Tsohuwa ta yi dariya. Kwandasta ba ta yi ba.

Ta ce, "Wa ya gaya miki?"

Na ce shi ya faɗa mini, a asibiti.

"Baba ya rantse ba zai faɗa da bakinsa ba. Wuri ɗaya ya ajiye shi." Ta yi maganar a hankali, kamar mai ƙirga matakala. "Mama, kin saurari Doguwar har ƙarshe."

Kafin in haɗa wata ƙaryar ta ci gaba.

"Ke ba kya bari ta ƙare. In yana nan ba za ki bari ba."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini. Ta juya fuskarta bango. Na'urar ta fara ƙara da sauri, Sista ta shigo da gudu, aka fitar da ni baranda.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ba ta ci komai ba. Likita ya kawo takardar aikin gobe. Ya ce tunda ta wuce sha takwas kuma tana cikin hankalinta, ita za ta sa hannu, ba ni ba. Ta ce ba za ta sa ba. Ya yi mata bayani sau biyu. Ta ce ta ji, ta gode.

Ya ce mini zai bar takardar zuwa ƙarfe shida. In ba ta sa ba, za a ba wa wani mara lafiya ɗakin aikin, kuma jinin da ke kanta ba ya jiran kowa.

Ba ta yarda ta dube ni.

Talata, ƙarfe bakwai na yamma

Zan rubuta yadda aka yi, don kada in canja shi daga baya.

Wajen ƙarfe huɗu na ja labule na zauna a bakin gadon. Na ce, "Babanki ya rasu ranar Lahadin nan, a wurin, bai kai asibiti ba. Na yi miki ƙarya kwana takwas. Duk abin da kika tambaye ni yanzu gaskiya zan faɗa."

Wannan ne karo na farko da na faɗi kalmar. A nan ma sai yau na rubuta ta.

Tana kallon bango ta ce, "Ni ce ke tuƙi?"

Ƙarya ta zo har bakina. Da na ce a'a, wa zai ƙaryata ni kafin gobe?

Na ce, "Ke ce."

Kafaɗarta ta fara rawa.

Na ce, "Shi ya ba ki makulli. Kin ji shi da kunnenki, ke kika riƙe masa wayar. Yadda aka yi a kan titin nan ban sani ba, ɗan sanda ma bai gama sani ba, akwai babbar mota a ciki, akwai ruwan sama. Ba zan ce miki ba ruwanki ba, don ban sani ba. Ba zan ce laifinki ne ba, don ban sani ba."

Ta ce, "Kin hana. Kin ce kada a koya mini."

"Na hana. Na yi fushi da ke, sati biyu ban taɓa hannunki ba kina kwance. Ranar da kika buɗe ido na nemi fushin na rasa. Shi kuwa har yau ina fushi da shi, kuma sai ya biya ni mayafina."

Wani sauti ya fito mata, rabi kuka rabi dariya, sannan kukan ya ci ƙarfinsa. Na bar ta ta yi. Sista ta leƙo, ta dubi na'urar, ta dube mu, ta saki labulen.

Da ta lafa ta ce, "Mama, ta yaya za a gyara ni in tashi in ci gaba da yawo, shi yana can?"

Na ce, "Ban san yadda ake yi ba. Ni ma yau kwana ashirin da uku nake koyo. Ban ce ki yafe wa kanki yau ba, wannan zai ɗauki lokaci, zan taya ki. Amma takalmi ɗaya ne a bakin ƙofata da ba mai sawa. Ba zan iya da biyu ba. Ki sa hannu saboda ni."

Agogon bango ya wuce biyar da rabi. Tsohuwar gado na huɗu ta miƙo biro ta ƙasan labule.

Na riƙe mata takardar, ta sa hannu.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Sun shiga da ita. An aske mata gefen kai. Ta ce in wanzamin fim ɗin nan ne, a gaya masa ya yi a hankali. Yaya ta zo, ta rungume ta, fuskarta ta sami abin da take so, ta yi kukanta a fili.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya

Ina baranda da rediyo a kunne. Doguwar Baba sau goma sha uku ke nan. Na haddace bishiyoyin.

Laraba, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Likita ya fito. Ya ce an kwashe. Ya ce sai ta farka za a san sauran.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe tara na safe

Tun asuba nake gefenta. Kanta a naɗe, leɓenta a bushe. Sista ta ce in sa mata abin da ta saba ji. Na kunna daga farko. Direba ya gaishe da jama'a. Matar ta gama lissafa shanyarta. Tsohon ya ɗauki jitarsa.

Ban taɓa rediyon ba. Ina riƙe da hannunta, ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka. Minti uku ya wuce. Huɗu. Sai na ji yatsunta sun matse nawa.

Idonta a rufe ta ce, "Manaja. Ba za ki wuce ba?"

Na ce, "Ki bari ya isa gida mana."

"Ya isa, Mama. Kin ji ƙarshen ai."

Na danna.

Masu ihu suka fasa ɗakin. Tsohuwar gado na huɗu ta ce an dawo da mu gidan jiya, ta ja bargo ta rufe kunne. Na bar su suka yi har ƙarshe.